Lambar Kaka: Yadda Takardun Sojojin Garwa Suka Watsu Cikin Duniya

Wanda bai san Garwa ba, in aka ce masa Rumde Ajiya, filin ƙwallo zai tuna, wanda aka gina a 1978, aka sake masa fasali saboda gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022. Mutanen unguwar kuwa suna da wasu abubuwan ajiya da ba sa fitowa a talabijin. Tsohuwa kan rasu, a zo fitar da kayanta, sai a ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa, a ci karo da ɗan littafi mai bangon kwali da gara ta ci gefensa, da lambar girma mai tsatsa, da hoton wani saurayi sanye da jar dara. Kowa ya san Kaka ya yi soja. Sojan wa, a wane yaƙi, ya ci fansho ko bai ci ba, nan ne bakin kowa ke mutuwa.

Amsar tana da wuya ne domin rundunoni uku na Turawa sun ratsa wannan kwari na Binuwai cikin shekara sittin, kowacce ta ɗebi samari, kowacce kuma da za ta tafi ta naɗe rajistarta ta yi gida da ita.

Jamusawa ne na farko. A ƙarshen 1901 suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a kusa da Garwa, bayan Ingilishi sun fitar da shi daga Yola, a farkon 1902 kuma aka sake gwabzawa a Marwa. Turawan da ke cikin wannan runduna 'yan kaɗan ne. Masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne: Hausawa, Yarabawa, mutanen Laberiya da Saliyo, daga baya kuma 'yan kudancin Kamaru. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, sojan Ingila daga Yola suka far wa Garwa a ƙarshen Agustan 1914, aka kora su da asara mai yawa. Suka dawo tare da Faransawa da manyan bindigogi, ranar 10 ga Yunin 1915 garin ya faɗi. Daf da faɗuwar, sojojin Jamus baƙar fata suka yi bore, da yawansu suka faɗa Binuwai don su tsira, ruwa ya ci su. A wannan yaƙi Bahaushe ya harbi Bahaushe, ɗaya yana cin albashin Kaisa, ɗaya na Sarkin Ingila. Dutsen Mora ya riƙe har 18 ga Fabrairun 1916, sauran rundunar kuma ta tsallaka yankin mulkin Sifaniya a kudu, aka tsare dubbansu a tsibirin Fernando Po.

Wanda kakansa na wannan zamani ne, sai ya yi haƙuri da ɗan abin da zai samu. Babbar taskar takardun sojan Jamus da ke Potsdam ta ƙone a ruwan bama-bamai na Afrilun 1945. Abin da ya tsira shi ne takardun ma'aikatar mulkin mallaka da ke Balin, da waɗanda Jamusawa suka bari a Kamaru, suna taskar ƙasa a Yawunde. Rahotannin hafsoshi ne galibi, kuma hafsa ba ya damuwa da sunan farabiti sai in ya yi laifi ko ya yi wata bajinta da ta fita daban.

Ingilishi ba su zauna a Garwa ba, amma iyakar nan ta takarda ce. Daga Garwa zuwa Yola jirgin ruwa ne, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce. Saurayin da ya saɓa da uban gidansa ko haraji ya ishe shi yana iya tsallakawa ya shiga rundunar Nijeriya, inda da Hausa ake ba da umarni. Irinsu ne suka je Bama a yaƙin duniya na biyu cikin runduna ta 81 da ta 82. Su takardunsu na hidima ba a kwashe su zuwa Landan ba, an bar wa sojan Nijeriya bayan 'yancin kai. Abin da ake samu a Ingila shi ne katunan lambobin girma na yaƙin farko a taskar Kew, da sunayen matattu a rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila, wadda ana iya bincika ta ta intanet. Ita kanta hukumar ta amsa a rahotonta na 2021 cewa dubun dubatar 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunansu ko'ina ba.

Littafin nan na cikin adaka dai, mafi yawanci na Faransa ne, kuma nan ne mai nema ke da sa'a, don Bafaranshe mutum ne mai son takarda. A lokacin Kamaru amana ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta farko a hannun Faransa, saboda haka a rubuce ba a yin kamun soja irin na Nijar ko Mali. Kowa "mai sa kai" ne. Tsofaffi kan yi murmushi in an faɗi haka, don sun san yadda sa kai yake in kwamanda ya aiko wa lamiɗo da adadin samarin da yake so, sun kuma san 'ya'yan wa ake fara turawa. Sunan unguwar Rumde Ajiya ma yana da abin cewa: rumde a Fulatanci shi ne rinji, wato mazaunin bayi.

Ranar 27 ga Agustan 1940 hafsan Faransa Leclerc ya sauka Duwala ya karɓe Kamaru da sunan Janar de Gaulle. Daga nan hanyar da ta taso daga Yawunde ta bi Gaundare, Garwa da Marwa zuwa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ta zama jijiyar yaƙin hamada. An kafa bataliyoyi a Kamaru waɗanda suka kai har Tunisiya, Italiya da Faransa kanta. Bayan su wasu suka je Indocin da Aljeriya. Kowane ɗayansu an ba shi lamba, an buɗe masa littafin soja, an kuma ajiye wata takarda da ake kira état signalétique et des services, mai ɗauke da ranar shiga, runduna, wuraren da ya je, rauni, muƙami da ranar sallama. Wannan ita ce uwar takardu. Tana garin Pau a kudancin Faransa, a cibiyar ajiyar takardun ma'aikatan soja da ke barikin Bernadotte. Fayil ɗin waɗanda suka mutu a fagen daga ko aka kama su fursuna yana Caen, na mutanen de Gaulle yana Vincennes, sha'anin fansho kuma ofishinsa na La Rochelle. Shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa yana da sunayen matattun yaƙi, kyauta ake dubawa.

Sai dai suna shi ne abin da ya fi yaudara. Akawun da ya rubuta Kaka ba ya jin Fulatanci, ba ya jin Hausa. Umaru ya koma Oumarou, Hammadu ya zama Amadou ko Hamadou, sunan uba ya hau gaba ko ya ɓace ɗungum, a liƙa wa mutum sunan garinsu ko ƙabilarsu: wane Garwa, wane Laka, wane Sara. Wasu ma da sunan aro suka shiga, ko a madadin ɗan wani babba. Ranar haihuwa kuwa ƙiyasi ne, an dubi haƙora da ƙirji an rubuta "wajen 1918". Shi ya sa tsoffin sojoji suke haddace lambarsu kamar karatun allo. Tsoho zai manta abin da ya ci jiya, amma ka tambaye shi lambarsa, sai ya miƙe zaune ya zubo ta da Faransanci ba gargada. Wasiƙar da ta je Pau da lamba, shekarar shiga da wurin da aka ɗauke shi, haɗe da shaidar rasuwa da ta dangantaka, tana da makama. Wadda ta je da suna kaɗai, allura ce a cikin ruwa.

Batun kuɗi shi ne mai ɗaci. Ranar 26 ga Disamban 1959, kwana shida kafin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya karɓi 'yancin Kamaru, majalisar Faransa ta sa wani sashe na 71 a dokar kasafinta, wanda ya daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci. Na Bafaranshe yana hawa da tsadar rayuwa, na abokinsa da suka kwana rami ɗaya yana nan inda aka bar shi. 'Yan Senegal ne suka ja shari'ar. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wariya ce, a ƙarar Ibrahima Gueye da 'yan'uwansa su fiye da 700. A Nuwamban 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba Amadou Diop gaskiya, alhali ya riga ya rasu. Aka yi gyara rabi da rabi a 2002, aka ƙara a 2007 bayan fim ɗin Indigènes ya kunyata gwamnati, sai a Mayun 2010 kotun tsarin mulki ta rushe abin da ya rage. Daidaiton ya fara aiki a Janairun 2011, wani ɓangarensa ma sai wanda ya rubuta ya nema. Shekara hamsin ke nan. Waɗanda aka yi dominsu, akasarinsu suna makwanci.

A nan nake jan kunnen jikoki, don na ga ana raɗe-raɗin wai akwai miliyoyi jibge a Faransa suna jiran magada, 'yan damfara kuma suna karɓar "kuɗin buɗe fayil". Fanshon ritayar soja sai wanda ya yi shekara 15. Mafi yawan waɗanda aka ɗauka don yaƙi an sallame su da yaƙin ya ƙare, abin da suka samu shi ne katin tsohon mayaƙi, in sun yi kwana 90 a rundunar da ta shiga wuta, da ɗan kuɗin da ke biye da katin in sun tsufa, wanda ke mutuwa tare da mai shi. Fanshon da ake gada, matar mamaci ce da marayu ƙanana ke da haƙƙi a kai, ita ma sai ta kawo takardar aure. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da sadaki da shaidu cike da tabarma, wa ya rubuta shi? Mata nawa suka yi ta zirga-zirgar kotu neman takardar hukunci da za ta tsaya a madadinta, har suka gaji suka bar wa Allah.

Wanda kakansa ya shiga soja bayan Nuwamban 1959, lokacin da aka kafa rundunar Kamaru, ba sai ya tsallaka teku ba. Fayil ɗinsa yana ma'aikatar tsaro a Yawunde, akwai kuma ofishin tsoffin sojoji na ƙasa. Amma a arewa akwai gidajen da nemansu ya tsaya cak a ranar 6 ga Afrilun 1984, ranar da dogaran fadar shugaban ƙasa, akasarinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki. An yanke wa da dama hukuncin kisa, aka harbe su a Mbalmayo da wasu wurare a kudu, aka binne su can. An yi afuwa a 1991. A irin waɗannan gidaje hoton ba ya cikin adaka, yana rataye a bangon ɗakin uwar, kuma har yau in za a yi maganarsa sai an rage murya.