Minti Goma Sha Biyar Cikin Asiton: Tarihin Cire Jan Farcen Jel

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon gyaran farce, a Landan ne ko a Legas, ya ga mace zaune an naɗe mata yatsu goma da fallen alminiyom, tana duban agogo. A ƙarƙashin kowane naɗi akwai auduga jiƙe da asiton, aikinta ta sassauta jan farcen jel da aka gasa makonni biyu ko uku da suka wuce. Wannan zaman jira yana da tarihin da ya haura shekara ɗari, kuma ya ratso ta masana'antar albarushi, da ta mota, da ɗakin likitan haƙori. A kowane zango an ƙara wa jan farce ƙarko, wahalar kuwa sai ta taru a ranar cirewa.

Fentin mota da albarushi

Kamfanin Cutex na Amurka ya fito da jan farce na ruwa a 1917, amma sana'ar ba ta bunƙasa ba sai a shekarun 1920, lokacin da masu ƙera mota suka koma fenti mai saurin bushewa da aka haɗa da naitiroselulos. Masu kayan kwalliya suka ari dabarar, kuma a 1932 aka kafa Revlon da jan farce mai cikakken launi. Irin wannan fenti yana bushewa ne idan ruwan da aka narkar da shi a ciki ya bi iska. Zaruruwan sinadarin suna kwanciya kusa da juna ba tare da sun ƙulle ba, saboda haka da zarar an mayar musu da ruwan narkarwa sai su sake zama ruwa, a share da auduga.

Ruwan da ya fi iya wannan aiki shi ne asiton, kuma yaƙi ne ya yawaita shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta yi ƙarancinsa, alhali da shi take haɗa albarushin igwa. Chaim Weizmann, malamin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Manchesta wanda daga baya ya zama shugaban Isra'ila na farko, ya samar da hanyar tatso shi daga sitacin masara ta amfani da ƙwayoyin bakteriya. Bayan yaƙi asiton ya wadata ya yi araha, kuma a 1928 Cutex ya soma sayar da magogin jan farce da aka yi da shi. Shekaru da dama cire jan farce bai wuce aikin minti biyu a gida ba.

Daga haƙori zuwa farce

Sauyin ya zo ne daga likitocin haƙori. A shekarun 1950 wani likita a Filadelfiya, Fred Slack, ya karya farcensa ya gyara shi da robar akirilik da ake aikin haƙori da ita, daga nan sana'ar farcen roba ta samo tushe. Manyan kamfanoni biyu na wannan fanni ma can asalinsu yake: likitan haƙori Stuart Nordstrom ne ya kafa CND a 1979, OPI kuwa da sayar da kayan aikin haƙori ya fara.

Akirilik na farko, wanda aka yi da sinadarin MMA, ya nuna haɗarin ƙarko fiye da kima. Ya fi farcen mutum tauri, ta yadda idan yatsa ya bugi wani abu farcen asali ne ke yagewa, kuma ba ya jin asiton sai da ƙyar. Koke-koke suka yi yawa, har Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta kai ƙara kotu a 1974 don a janye kayan farce masu zallar MMA daga kasuwa.

A shekarun 1980 jel ya shigo, shi ma daga fasahar cike haƙori da ake taurarawa da haske. Jel ba ya bushewa da iska. Hasken UV na fitilar shago ne ke sa ƙananan sinadaransa su ƙulle da juna ta kowane ɓangare, su zama kamar raga guda. Abin da ya ƙulle haka ba ya komawa ruwa. Jel mai tauri na wancan zamani ba ya jin asiton ko kaɗan, hanyar cire shi ɗaya ce: a goge shi da magagari, na hannu ko na lantarki, har a iso farce.

Ragar da ke barin ƙofa

Wajen 2010 aka sami mafita, lokacin da Gelish da kuma Shellac na CND suka yaɗu a shaguna. An sassauta saƙar ragar ta yadda asiton zai kutsa cikinta. Ba narkar da jel yake yi ba: kumbura shi yake yi har ya tattare, ya saki farce, ya ɓare. Wannan ne ya sa ake jira, domin ruwan yana buƙatar lokaci kafin ya isa ƙasa.

Kowane mataki na aikin yana da dalilinsa. Ana fara kankare shafin sama mai ƙyalli, saboda shi ya fi toshe hanya. Ana shafa mai a fatar da ke kewaye da farce, saboda asiton yana kwashe maiƙon fata. Ana naɗewa da alminiyom, saboda asiton yana tafasa a ma'aunin zafi 56 kacal, kuma idan aka bar audugar a buɗe za ta bushe nan da nan. Naɗin yana kuma riƙe ɗumin yatsa, wanda ke hanzarta aikin. Daga ƙarshe a ture abin da ya saki da ɗan tsinken katako, wanda bai saki ba a sake naɗe shi. Tsohuwar hanyar tsoma yatsu a kwano tana aiki, amma tana busar da fata, tana kuma cika ɗaki da tururin da ke saurin kama wuta.

Inda ake ɓarna

Kaurin farcen mutum kusan rabin milimita ne, yana kuma tsirowa kimanin milimita 3 a wata, saboda haka sai ya yi kusan wata shida kafin ya sabunta gaba ɗaya. Abin da aka kankare daga samansa ba ya toho, sai dai a jira sabo ya turo. Idan aka ɓanɓare jel da ƙarfi, yana tafiya da shafin saman farcen, ya bar fararen tabo da laushi. Injin goge farce a hannun gwana yana gama aiki cikin 'yan mintuna ba tare da sinadari ba, wasu ma sukan bar siririn shafin ƙasa don kada su taɓa farcen. A hannun 'yar koyo kuwa yana barin jajayen kwarmi da zogi. Shagon da ke son sallamar mutum biyu a lokacin mutum ɗaya, a nan yake rage mintuna.

Gaggawar ce kuma ta haifar da ruwan da ake tallata cewa yana ɓare jel cikin minti uku zuwa biyar. A 2025 hukumar ta Amurka ta sanar cewa ta gano sinadarin metilin kulorayid a cikin wasu irin waɗannan kwalabe. Sinadari ne na kankare fentin gini da katako, wanda ta haramta a kayan kwalliya tun 1989 saboda alaƙarsa da cutar daji a gwajin dabbobi.

Wanda ke shaƙa

Mai zuwa gyaran farce tana shaƙar asiton na minti goma sha biyar, mai aikin kuwa tana wuni a cikinsa, ga ƙurar jel da inji ke tayarwa. A Amurka yawancin wannan nauyi ya faɗa kan baƙi. A 1975 'yar fim Tippi Hedren ta sa aka koya wa mata ashirin 'yan gudun hijirar Biyetnam gyaran farce a Kalifoniya, kuma daga wannan ƙaramin rukuni 'yan Biyetnam suka mamaye sana'ar. A 2015 jaridar New York Times ta buga bincike kan albashi da lafiyar ma'aikatan shagunan, abin da ya sa jihar New York ta kafa dokokin safar hannu, da takunkumi, da na'urorin fitar da iska.

A Turai damuwar ta karkata ga fata. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a 2018 kan yawaitar masu borin fata daga sinadaran akirilik, musamman idan jel bai gasu sosai ba ya taɓa jiki, ko wajen shafawa ko wajen gogewa. Wanda jikinsa ya ƙi waɗannan sinadarai yakan zauna da matsalar har abada, kuma tana iya hana a yi masa wasu ayyukan haƙori ko na dashen gaɓa. Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin HEMA ga ƙwararru kaɗai daga 2021, ta kuma haramta TPO daga 1 ga Satumba 2025.

A ƙasar Hausa batun cirewa yana da wani nauyi na daban. Lalle yana rina farce ne ba tare da ya rufe shi ba, ruwa na isa, launin kuma yana fita da tsirowar farcen. Jel kuwa shafi ne da ke tare ruwa, kuma malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa abin da ya hana ruwa isa ga farce sai an cire shi kafin alwala ko wanka. Macen da ta sa jel don biki na 'yan kwanaki za ta cire shi tun yana da cikakken ƙarfinsa, lokacin da ya fi gardama, lokacin da kuma aka fi sha'awar ɓanɓara. Tambayar da ta kamata a yi wa mai shago ke nan tun kafin a kunna fitila: wane irin jel ne wannan, da me za a cire shi, kuma minti nawa za a ba shi.