Hukuncin Al'ada da Abin da Ake Kira Dokar Halitta

Ɗalibin tauhidi a zaurukan Kano ko Katsina, idan ya kai ga littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan (ya rasu 1490), yakan koyi cewa hukunci iri uku ne: na hankali, na al'ada, da na shari'a. A ganina wannan rabo ya isa ya warware rikicin da ya daɗe yana dabaibaye batun dokar halitta a falsafar Turai, inda aka sha cakuɗa yadda duniya take tafiya da yadda ya kamata mutum ya yi.

A 1687 Newton ya fitar da lissafin ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna, lissafin kuma ya yi aiki ƙwarai. Sai a 1859 Le Verrier na Faransa ya nuna cewa zagayen duniyar Makyuri ya ɗan kauce wa abin da lissafin ya nuna. Ba wanda ya ce Makyuri ta yi laifi. Aka yi ta neman dalili har Einstein ya zo da sabon bayani a 1915. Dokar kimiyya ke nan: idan halitta ta saɓa mata, dokar ake gyarawa. Malamanmu za su ce hukuncin al'ada ne, wanda aka gina kan maimaituwa, kuma yana iya saɓawa.

Imam Gazali ya yi dogon bayani a kan haka a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kafa misali da wuta da auduga. Ido yana ganin ƙonewa ta zo tare da haɗuwarsu, amma bai taɓa ganin tilas ɗin da ya ɗaure su ba. Ibnu Rushdi ya mayar da martani cewa mai musun sababi ilimi kansa yake rusawa. Yana da hujja, domin likita da manomi ba sa aiki sai da dogaro ga sababi. Duk da haka labarin Makyuri ya nuna cewa dogaro daban, yaƙini daban, kuma a nan Gazali ya riga masanin falsafa David Hume faɗin haka da sama da shekara 600.

Dokar halitta ta fannin ɗabi'a ba haka take ba. Thomas Aquinas (ya rasu 1274) ya ce hankali yana gane alheri daga abin da aka halicci mutum a kai: kare rai, renon 'ya'ya, neman gaskiya, zama cikin jama'a. Ita wannan doka, mutum yana iya karya ta, kuma idan ya karya, shi ake zargi. Musulmi ma sun yi makamanciyar wannan muhawara. Mu'utazilawa suka ce hankali kaɗai yana sanin kyau da muni, Ash'arawa suka ce sai shari'a ta faɗa, Maturidawa suka tsaya tsakani. Ba na raina matsayin Aquinas, domin muna buƙatar ma'aunin da za mu ce wa azzalumin sarki dokarsa zalunci ce.

Damuwata tana ga wanda zai ɗauki abin da ya saba gani ya mayar da shi umarni. A 1550, a birnin Baladolid na Sifen, a wata muhawara, wani malami mai suna Sepúlveda ya dogara da Aristotal ya ce 'yan asalin nahiyar Amurka bayi ne tun daga halitta, don haka yaƙarsu halas ne. Abokin muhawararsa Las Casas, wanda ya zauna cikinsu shekaru, ya ce mutane ne masu cikakken hankali da tsarin mulki. Dukkansu da dokar halitta suka kafa hujja. Sepúlveda ya ga ana bautar da raunana tun zamanin da, sai ya ɗauki al'ada ya ba ta ƙarfin shari'a. Shi kansa Las Casas, a farkon gwagwarmayarsa, ya ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka su ɗauke wa mutanen da yake karewa wahala, domin bautar baƙar fata ta riga ta zama abin da aka saba gani a Sifen da Fotugal. Sai daga baya ya rubuta nadamarsa, ya ce bautar da Afirkawa zalunci ne daidai da bautar da 'yan asalin Amurka.