Filin tseren da ba shi da shinge

Direban da ya saba tasowa daga Ɗan Barto zuwa Damagaram, yana kaucewa ramuka yana tsayawa wajen 'yan duwan, zai yi mamaki idan aka ce masa a ƙasar nan tamu an taɓa tuƙa babbar mota kilomita 200 a awa ɗaya. An yi, a saharar Tenere.

Ɓata ce ta haifi abin. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da babur ɗinsa a saharar iyakar Nijar da Libiya. Da aka tsamo shi, maimakon ya tuba, sai ya shirya tseren Pari-Dakar. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka taso, suka bi ta Tamanraset, Agadas, Yamai da Gawo. Guda 74 ne suka ga Dakar.

Filayen Turai irin su Monza kwalta ce kewayayya, direba ya haddace kowace kwana. Tenere kuwa, da tseren ya fara ratsawa a 1983, shimfiɗaɗɗen rairayi ne, ido ya gaji bai ga tudu ba. Nan ake take totur har ƙasa. Sai dai tudun yashi yakan ɓullo ba sallama, bayansa gangare kamar bakin rijiya. A 1983 ɗin guguwa ta ɓatar da 'yan tsere kusan 40, sai da aka kwana huɗu ana kwaso su. Ayarin gishirin Bilma ya shekara ɗaruruwa yana bin hanyar da taurari, ba wanda ya tafa masa.

A 1988 aka yi gudun kilomita 200 ɗin: Jan de Rooy ya wuce Peugeot ɗin Ari Vatanen da babbar motarsa DAF. A tseren ne wata DAF 'yar uwarta ta wuntsila, mutum ɗaya ya mutu. Shi kansa Sabine jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi a Mali ran 14 ga Janairu 1986, aka watsa tokarsa a Tenere. Yaran ƙauyukan da motocin suka banke kuwa, ba kasafai ake tuna su ba.

A 2000 tsoron hari ya sa aka kwashe motocin ta jirgi daga Yamai zuwa Libiya. An soke tseren 2008 ɗungurungum. Tun 2020 a Saudiyya ake yinsa, sunan dai Dakar.