Tawa da Mulkin Sojan Faransa a Arewacin Adar

Zaman sojojin Faransa a Tawa ya samo asali ne daga wata yarjejeniya da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a birnin Paris ranar 14 ga Yuni 1898, wadda ta zana iyaka a matsayin baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, daga birnin Sakkwato, ta bar wa Ingila ƙasar noma da rijiyoyinta, ta bar wa Faransa bakin hamada. Da Faransawa suka kafa Yankin Soja na Uku a 1900, wato ƙasar da hafsoshi ke mulka kai tsaye ba tare da gwamnan farar hula ba, suka kuma sa hedikwatarsa a Damagaram, sai ya zama dole ayarinsu ya kewaya ta Filinge da Tawa, hanyar da a lokacin rani rijiyoyinta ke da nisa da juna har raƙuma da jakuna su riƙa faɗuwa kafin zango.

A Adar, wanda ya riƙe bakin rijiya da rumbunan gero shi ya riƙe ƙasa. Don haka barikin Tawa ya tsaya tsakanin Hausawan Adar manoma da Abzinawan da suka saba karɓar gaisuwa daga gare su, wato Kelgeres na kudu maso gabas, waɗanda aka ci da yaƙi a Galma a 1901, da Iwillimmidan na Azawak. Nauyin kuwa talakawa ya hau, domin daga garuruwansu ake karɓar hatsi da dabbobin dako, a kansu kuma lanho, wato harajin kai, da aikin dole suka faɗa.

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 sun tura iyakar kudu, Birnin Ƙonni da Maraɗi suka koma hannun Faransa, babbar hanya ta bar Tawa a gefe. Barikin dai bai tashi ba, domin ya koma wurin sa ido kan makiyayan arewa, musamman a boren Abzinawa ƙarƙashin jagorancin Kawusan na 1916 zuwa 1917, kuma Nijar ba ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka mai gwamnanta ba sai a 1922.