Bashin karatu na NELFUND: abin da ɗan Sabo ya kamata ya sani

Tambayar da aka fi yi mini a unguwa, musamman iyaye, ita ce: yaro ya samu gurbin karatu a jami'a, ina za a samo kuɗin da zai kai shi ƙarshe? Shiga ba ita ce wahalar ba. Shekara ta biyu ko ta uku ne ake ganin yaro ya dawo kasuwar Mile 12 ko Bodija, wai zai tara kuɗin rajista ya koma. Wasu ba sa komawa.

Gwamnatocin jihohi suna da nasu tallafin, amma mu mazauna kudu a tsakiya muka faɗa. Tallafin ɗalibai na jihar Legas na 'yan asalin jihar ne. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rage rabin kuɗin makaranta a manyan makarantun jihar Kano, ya kuma biya wa ɗalibai 7,000 na Jami'ar Bayero kuɗin rajista, amma shi ma na 'yan jihar ne. Yaron da aka haifa a Agege, kakansa ya zo daga Kano da fataucin goro, a nan a ce masa baƙo ne, a can kuma sai ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wanda bai riga ya yi ta ba, ya je gida ya yi tun kafin buƙata ta taso.

Shi kuwa NELFUND asusun gwamnatin tarayya ne, bai ware bashin ga 'yan wata jiha ba. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yunin 2023, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri: sai abin da gidanku ke samu bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai kuma ka kawo mutum biyu da za su tsaya maka, irin babban ma'aikacin gwamnati ko lauya. Ina mai sayar da albasa zai samo lauya? A watan Afrilun 2024 aka sake dokar, aka cire waɗannan sharuɗɗa, aka buɗe shafin neman bashin ranar 24 ga Mayu.

Kuɗin kashi biyu ne. Na rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Na ɗawainiya kuma naira 20,000 ne duk wata, a asusun bankin ɗalibin, idan ya nema. Gaskiya dubu ashirin a Legas kuɗin mota ma da ƙyar, amma ta fi babu. Ana buƙatar lambar JAMB, da NIN, da BVN, da takardar samun gurbi, kuma dole makarantar ta riga ta tura sunan ɗalibin. Jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi na gwamnati ne kaɗai a ciki, masu zaman kansu ba sa ciki. Kowace shekarar karatu sai an sake nema.

Inda yaranmu suka fi maƙalewa shi ne suna. A JAMB Muhammad, a NIN Mohammed, a banki kuma an sa sunan kaka. A gyara wannan tukuna.

Babu kuɗin ruwa a bashin, abin da ka karɓa shi za ka mayar, wannan ya kwantar wa iyaye da yawa hankali ta fuskar addini. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa: kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na riba ga mai sana'ar kansa. Amma bashi ne fa, ba kyauta ba. Yaron da ya ci na shekara biyu ya watsar da karatun, ya tashi ba takarda, ga bashi a wuya.

A 2025 an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC ta shiga maganar. Saboda haka ɗalibi ya riƙa duba shafinsa. Idan ya nuna an biya alhali Baba ya riga ya biya daga aljihu, a ɗauki rasit a je ofishin kuɗi na makarantar a nemi a mayar.