Obamacare da kuɗin asibitin masu tsananin rashin lafiya

Obamacare shi ne sunan da aka fi sanin dokar gyaran inshorar lafiya ta ƙasar Amurka da shi. Sunanta a hukumance Affordable Care Act, kuma Shugaba Barack Obama ne ya sanya mata hannu ranar 23 ga Maris, 2010. Manyan tanade-tanadenta sun fara aiki a watan Janairun 2014. Dokar ta shafi kowa, amma ta fi taɓa masu fama da ciwo mai tsanani kamar sankara, ciwon zuciya da cutar jini mai hana daskarewa, domin su ne ke daɗewa a gadon asibiti. A Amurka, kashi 5 cikin ɗari na jama'a ne ke lashe kusan rabin duk kuɗin da ake kashewa kan lafiya a shekara. Babban abin da dokar ta sauya shi ne wanda ke ɗaukar nauyin kuɗin jinya da kuma iyakar abin da zai fita daga aljihun majinyaci. Farashin da asibitoci ke sanyawa kuwa bai sauka sosai ba.

Yadda abin yake kafin dokar

Yawancin Amurkawa masu aiki suna samun inshora ne ta wurin aikinsu. Gwamnati tana da manyan shirye-shirye biyu tun 1965: Medicare na waɗanda suka kai shekara 65 da wasu naƙasassu, sai Medicaid na wasu rukunan marasa ƙarfi. Wanda bai shiga ko ɗaya ba sai ya saya wa kansa a kasuwa, kuma a nan ne mai ciwo ke shan wuya. Kamfani yana da damar ƙin karɓar mutum idan ya gano yana da ciwo tun kafin ya nemi shiga, ko ya tsauwala masa kuɗin wata-wata, ko ya karɓe shi amma ya cire wannan ciwon daga abin da zai biya.

Ko mai inshorar ma bai tsira ba. Yarjejeniyoyi da yawa suna da iyakar kuɗin da kamfani zai biya wa mutum a tsawon rayuwarsa, sau da yawa dala miliyan ɗaya ko biyu. Mai ƙoshin lafiya ba zai taɓa kusantar wannan adadi ba. Amma jaririn da aka haifa bakwaini ya yi watanni a ɗakin kulawa ta musamman, ko wanda aka yi wa dashen wani sashe na jiki, yana iya cinye kuɗin cikin 'yan shekaru, daga nan sauran ya koma kan iyalinsa. Wata doka ta 1986 ta wajabta wa asibitoci duba duk wanda aka kawo sashen gaggawa ko da ba shi da kuɗi, sai dai ba ta yafe masa bashin ba. Takardar biya tana biyo shi gida.

Abin da ya sauya a aljihun majinyaci

Tun daga watan Satumbar 2010 aka haramta iyakar kuɗi ta tsawon rayuwa, aka kuma hana kamfanoni soke inshorar mutum bayan ya kwanta ciwo, sai in an same shi da zamba. A 2014 aka haramta iyakar shekara-shekara, aka kuma hana ƙin karɓar mutum ko ƙara masa kuɗi saboda ciwon da yake da shi. Kamfani na iya bambanta farashi saboda shekaru, wurin zama, yawan iyali da shan taba kawai.

Tanadin da ya fi muhimmanci ga mai doguwar jinya shi ne iyakar abin da zai biya da kansa a shekara. A tsarin Amurka, mai inshora yakan fara biyan wani adadi daga aljihunsa kafin kamfani ya shigo, bayan nan kuma yana biyan wani kaso na kowace takarda. Dokar ta ce idan jimillar waɗannan ta kai wani adadi, kamfani ne zai ɗauki duk sauran har ƙarshen shekara. A 2014 adadin dala 6,350 ne ga mutum ɗaya, 12,700 ga iyali. Ana daidaita shi kowace shekara, har ya kai dala 9,450 ga mutum ɗaya a 2024.

Wannan kariya ce babba, amma tana da gibi. Kuɗin wata-wata ba ya cikin lissafin. Iyakar kuma ta shafi asibitoci da likitocin da ke da yarjejeniya da kamfanin ne kawai. Sannan lissafin yana komawa sifiri a farkon kowace shekara, wato mai sankarar da jinyarsa ta ɗauki shekara uku yana iya biyan cikakken adadin sau uku, a daidai lokacin da ciwo ya hana shi aiki. Shi ya sa bashin asibiti bai gushe ba ko a tsakanin masu inshora.

Faɗaɗa Medicaid

Dokar ta so Medicaid ya haɗa da duk baligin da kuɗin shigarsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya ba. A 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ba za a tilasta wa jihohi yin hakan ba. Zuwa ƙarshen 2023, jihohi 40 da birnin Washinton sun amince, yayin da wasu manyan jihohi kamar Texas da Florida suka ƙi. A jihohin da suka ƙi, akwai talakawan da suka rasa tudun dafawa: ba su cancanci Medicaid ba, kuɗin shigarsu kuma bai kai matakin da ake fara ba da tallafin sayen inshora ba.

Yawan marasa inshora a ƙasar ya sauka daga kusan kashi 16 cikin ɗari a 2010 zuwa kusan kashi 9 a 2016. Tun kafin dokar, jihar Oregon ta yi ƙuri'a a 2008 don raba guraben Medicaid, abin da ya ba masu bincike damar kwatanta waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba. Sun gano cewa kashe kuɗin jinya mai karya tattalin gida ya kusa gushewa a wajen waɗanda suka samu, amma kwanciyarsu a asibiti da zuwansu sashen gaggawa sun ƙaru. Wato inshora ta sauƙe wa majinyaci nauyi, jimillar kuɗin da ake kashewa kuwa ba ta ragu ba.

Ɓangaren asibitoci

A jihohin da suka faɗaɗa Medicaid, jinyar da asibitoci ke yi ba tare da an biya su ba ta ragu ƙwarai. Dokar ta kuma wajabta wa asibitocin da ba na neman riba ba su rubuta tsarin taimakon marasa ƙarfi, kuma kada su caji wanda ya cancanci taimakon fiye da abin da suka saba karɓa daga masu inshora.

Daga watan Oktoban 2012, Medicare ta fara rage kuɗin asibitocin da majinyatansu ke yawan dawowa cikin kwana 30 bayan sallama. An fara da bugun zuciya, gazawar zuciya da ciwon huhu. Tarar ta fara daga kashi 1 cikin ɗari, ta kai kashi 3. Dawowar majinyata ta ragu, amma an soki tsarin da cewa yana hukunta asibitocin unguwannin talakawa, inda mai jinya kan koma gidan da babu mai kula da shi. Wata doka ta 2016 ta gyara lissafin, aka koma kwatanta kowane asibiti da takwarorinsa masu irin majinyatansa.

Dokar ba ta ƙayyade farashin da asibitoci ke caji kamfanonin inshora masu zaman kansu ba. Binciken cibiyar RAND ya nuna cewa waɗannan kamfanoni suna biyan fiye da ninki biyu na abin da Medicare ke biya kan aiki iri ɗaya, kuma wannan tsada tana komawa kan jama'a ta kuɗin wata-wata.

Gyare-gyaren da suka biyo baya

Dokar haraji ta 2017 ta soke tarar rashin inshora daga 2019, amma ta bar kariyar masu ciwo yadda take. Wata matsalar da ta rage ita ce takardar ba-zata: a kwantar da mutum a asibitin da ke cikin tsarin inshorarsa, amma likitan da ya yi masa allurar barci ba ya ciki, sai ya aiko da tasa takardar daban. Dokar No Surprises Act, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, ta hana yawancin irin wannan caji, har da na jirgin ɗaukar marasa lafiya, sai dai ba ta haɗa da motar ɗaukar marasa lafiya ba. Tsohon tsarin Medicare shi ma ba shi da iyakar shekara kan kuɗin asibiti da na likita, don haka tsofaffi da yawa ke sayen ƙarin inshora a kansa.