Gwajin Tare Ƙara a Sababbin Gidaje

Gwajin tare ƙara awo ne da ake yi don sanin yadda bango ko bene ke hana sauti ratsawa zuwa gidan maƙwabta. Akan kunna lasifika a ɗaki guda, a auna ƙarfin sautin a ɗakunan biyu, sannan a fitar da bambancin da ma'aunin desibel. A Ingila, ƙa'idar gini ta 2003 ta ce kada kariyar bangon da ya raba sababbin gidaje ta gaza desibel 45.

A Najeriya, hukumar NESREA ke kula da dokar hayaniya ta 2009. Wajen gina bango kuwa, bulo inci 9 da ya sha filasta ya fi inci 6 tare ƙara.